Yadda ake duba lafiyar tafki ta hanyar DNA ɗin da ke yawo a cikin ruwansa

Duk abin da ke rayuwa a cikin ruwa yana zubar da wani abu na jikinsa. Kifi yana sakin yauƙi da ɓawo da kashi, kwaɗo yana saɓa, dodon koɗi yana barin majina, ƙwayoyin cuta da gansakuka kuwa su kansu suna iyo a ciki. A cikin waɗannan ɓurɓushin akwai DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma kowace halitta da nata tsarin. Idan ka tace lita ɗaya ta ruwan tafki, ka ciro DNA ɗin da ya maƙale a jikin filta, ka karanta shi, za ka iya sanin waɗanda ke zaune a wurin ba tare da ka jefa koma ko sau ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ake kira DNA na muhalli, a taƙaice eDNA.

Ba tsohon fanni ba ne. A shekarar 2008 masu bincike a Faransa suka nuna cewa ana iya gane kududdufin da wani ƙaton kwaɗo ɗan asalin Amurka ya mamaye ta hanyar gwada ruwan kawai. A 2014 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta amince da wannan gwaji wajen neman wani nau'in ƙadangaren ruwa da doka ta ba shi kariya. A tafkin Windermere na ƙasar kuma, binciken da aka buga a 2016 ya gano nau'in kifi 14 cikin 16 da aka taɓa sanin suna tafkin, alhali binciken raga na baya-bayan nan 4 kacal ya kama.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka riƙe abu guda: DNA ba ya auna guba. Ba zai gaya maka yawan kromiyam ko dalma da ke cikin ruwa ba. Abin da zai nuna maka shi ne wa ya rage a ruwan, wa ya gudu, wa ya shigo. Daga nan ne kake gane ɓarnar da gurɓatar ta yi. Saboda haka aikin yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da awon sinadarai, ba ya maye gurbinsa.

Mataki na farko: tsayar da tambaya, sannan ka zaɓi wurare

Tambayarka ce za ta yanke irin gwajin da za a yi. Idan halitta ɗaya kake nema, misali ƙwayar tsargiya ko dodon koɗin da ke ɗauke da ita, gwajin qPCR, wanda ke neman DNA ɗin halitta ɗaya ya ninka shi ya auna yawansa, ya isa, kuma ya fi araha. An riga an yi hakan a Kenya da Madagaska wajen gano ƙwayar tsargiya a ruwan da mutane ke shiga. Idan kuwa so kake ka ga jama'ar tafkin gaba ɗaya, kifaye da ƙwari da ƙwayoyin bakteriya, to sai an yi karatun jimla, wato a karanta DNA na ɗaruruwan halittu a lokaci guda.

Ɗauki dam ɗin Jakara da ke Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir a matsayin misali. Kogin Jakara yana ratsa birnin Kano, yana kwasar ruwan kwatoci da na mayanka, rafin Getsi kuma yana kawo masa ruwan masana'antun Bompai, kafin duka su zube a dam ɗin da ake kamun kifi da noman rani a bakinsa. Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya san inda dattin yake fitowa. Abin da ba a gani da ido shi ne iya nisan da ɓarnar ta kai.

A irin wannan wuri, jera wurarenka za ka yi daga mashigar ruwa zuwa bakin bango: ɗaya a inda kogin ke zubowa, biyu ko uku a tsakiya, ɗaya kusa da bango, sannan wasu a gefuna inda ake wanki da shayar da dabbobi. Gefen tafki ya fi tsakiya yawan nau'o'in kifi, kada ka raina shi. A kowane wuri ka ɗauki samfuri uku, ba ɗaya ba. Samfuri ɗaya idan ya ba ka abin mamaki, ba ka da abin da za ka gaskata shi da shi.

Kana kuma buƙatar ruwan kwatance, wanda dattin birni bai cika kaiwa gare shi ba. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 a kan kogin Kano, zai iya zama hakan. Amma a ganina kwatanta wurare a cikin tafki ɗaya ya fi ƙarfin hujja, domin Tiga ya fi Jakara girma da zurfi nesa ba kusa ba, kuma bambancin da za ka gani tsakaninsu ba duka ne laifin gurɓata ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da zafin bazara ruwan tafki mai zurfi yakan rabu hawa-hawa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, ba sa cuɗanya, don haka DNA ɗin kifin ƙasa ba ya hawowa. A lokacin sai ka ɗebo daga zurfi daban-daban. Sanyin hunturu da iskarsa sukan gauraya ruwan. Da damina kuwa ambaliya tana kawo DNA daga nesa, tana kuma tsinka wanda ke wurin. Aƙalla ka yi zagaye biyu, rani da damina, a wurare iri ɗaya da ka ajiye alamarsu a GPS.

Kada ka sauka a bakin ruwa kamar daga sama. Ka nemi izinin hukumar da ke kula da dam ɗin, ka je ka gai da sarkin ruwa. Shi zai haɗa ka da mai kwale-kwale, shi zai gaya maka inda ruwa ke wari da asuba da inda kifi ya mutu bara. Ka roƙe shi ya lissafa maka kifayen da ake kamawa yanzu da waɗanda aka daina gani, ka rubuta. Wannan jerin zai yi maka amfani fiye da yadda kake zato.

Mataki na biyu: kaya, da tsabtarsu

Za ka tanadi kwalaben roba masu faɗin baki na lita ɗaya, sirinji na mililita 50 ko 60, filta, safar hannu da yawa, ruwan bilic, tataccen ruwan lab (ɗakin gwaje-gwaje), kula da ƙanƙara, alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, da maganin adana filta. Ga takalmin roba mai tsawo da rigar ceto. Ruwan da ake zargi da tsargiya ba a shigarsa da ƙafa tsirara.

A filta akwai zaɓi biyu. Akwai rufaffe irin Sterivex, wanda takardar tacewar ke kulle a cikin bututun roba, hannu ba ya taɓa ta. Yana da tsada, amma shi ya fi dacewa da mai koyo. Akwai kuma buɗaɗɗe, faifan takarda mai faɗin milimita 47 da ake ɗorawa a mazurari a ja ruwa da famfo. Ya fi araha, ya fi tace ruwa da yawa, amma ƙaramin ganganci yana gurɓata shi. Girman ramin da aka fi amfani da shi wajen kifi shi ne maikromita 0.45 zuwa 1.5 (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wajen bakteriya kuma 0.22.

Nan ne aiki yake lalacewa ko ya yi kyau. Gwajin PCR yana ninka ɗan abin da ido ba ya gani ya zama miliyoyi, don haka ba ya bambanta DNA ɗin tafki da wanda ya fito daga yatsanka. Wanda ya ci soyayyen kifi a bakin dam ya kama murfin kwalba, ya riga ya saka wa tafkin kifin da wataƙila ba ya ciki. Duk kayan da za a sake amfani da su a jiƙa su a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, na tsawon minti 20, sannan a ɗauraye su sosai da tataccen ruwa. Ɗaurayar ba wasa ba ce, ragowar bilic yana cinye DNA ɗin da ka sha wahalar ɗebowa. Barasar lab tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta lalata DNA, saboda haka goge kaya da ita kaɗai bai wadatar ba.

Kowace rana ka tafi da kwalba ɗaya cike da tataccen ruwa. A bakin tafki ka buɗe ta na ɗan lokaci, ka rufe, ka sa ta cikin kula tare da sauran, ka tace ta kamar yadda za ka tace su. Ita ce shaidarka. Idan aka sami DNA ɗin karfasa a cikinta, to sakamakon ranar gaba ɗaya yana da alamar tambaya.

Mataki na uku: ɗiban ruwa

Fara daga wurin da ya fi tsabta, ka ƙare a mafi datti. Kwale-kwalen masunta cike yake da yauƙin kifi, don haka kada kwalba ta taɓa cikinsa. Ka zauna a goshi, ka ɗiba ta gaban jirgi inda bai riga ya ratsa ba, kuma kafin mai tuƙi ya soka gora ya tayar da laka. Sa sabuwar safar hannu, ɗauraye kwalbar sau uku da ruwan wurin kana zubarwa can gefe, sannan ka nutsa ta kamar tsawon kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa ka cika. Rufe, rubuta lamba, sa a kula, cire safar. Wuri na gaba, sabuwar safa.

A nan take ka auna zafin ruwa, pH (ma'aunin tsamin ruwa), iskar oksijin da ke narke a ciki, da yawan gishirin da ke cikinsa. Ka zura faifan Secchi, farantin nan mai fari da baƙi, ka rubuta zurfin da ya ɓace wa ido. Oksijin yakan fi ƙasa da asuba, domin da dare tsirran ruwa ba sa samar da shi, sai dai su sha. Wanda ya auna da azahar a ruwa mai kore zai ga adadi mai kyau ya tafi da murna, alhali kifi na haki kafin fitowar rana. Yawancin kifaye sukan fara takura idan ya sauka ƙasa da miligiram 5 a lita, ƙasa da 2 kuwa sai masu taurin rai.

Ruwan awon ƙarafa masu guba a kwalba daban yake, ana ɗiga masa asid na naitirik don adanawa. Kada ya kusanci kwalaben DNA.

Mataki na huɗu: tacewa da adanawa

Zafi da hasken rana da bakteriya suna cin DNA. A ruwa mai sanyi yana iya kai makonni, a ruwan da ya ɗumama irin namu kwanaki kaɗan ne, wani lokaci ma sa'o'i. Wannan yana da alfanu, domin abin da ka samu labarin kwanan nan ne. Amma yana nufin kwalbar da ta wuni a bayan mota ba ƙanƙara ta tashi aiki. Ka tace a bakin ruwa, cikin inuwa, idan da hali. Idan babu, kada ya wuce sa'a 24, kuma a kan ƙanƙara.

Da filta rufaffe, za ka zuƙo ruwa a sirinji, ka ɗaura filtar a bakinsa, ka tura a hankali, ka kwance, ka sake zuƙowa. Littattafan Turai za su ce maka lita ɗaya ko biyu. Ruwan dam ɗinmu da damina ja ne da laka, filta mai ramin 0.45 tana iya toshewa tun kafin ka kai rubu'in lita, babban yatsanka ya yi tsami sirinji ya ƙi motsi. Kada ka danna da ƙarfin tsiya, takardar za ta yage. Mafita uku ce: ka bar kwalbar ta ɗan kwanta a cikin kula laka ta sauka, ka koma filta mai faɗin rami, ko ka raba samfurin a filta biyu ko uku a haɗa su a lab. Ko wanne ka zaɓa, ka yi shi a duk wuraren, ka kuma rubuta ainihin yawan ruwan da ya ratsa kowace filta.

Idan ka gama, tura iska da sirinji sau biyu ko uku har ruwan ciki ya fita. Sannan ka cika filtar da maganin adanawa ka toshe bakunanta biyu. Ruwan Longmire shi na fi ba da shawara, domin yana riƙe DNA makonni a zafin ɗaki. Barasa mai ƙarfin kashi 96 ma tana yi, sai dai tana tsanewa idan murfi bai zauna ba, kuma kamfanonin jigila ba sa son ɗaukarta. Filta buɗaɗɗiya ana iya naɗe ta da hantsaki mai tsabta a sa a leda da ƙwayoyin silika su busar da ita. Firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili tana da kyau idan wuta ba ta yankewa. Daskarewa da narkewa a kai a kai yana kakkarya DNA, gara ka dogara da magani da ka dogara da wutar da ba ta da tabbas.

Idan gurɓata ce ainihin damuwarka, kada ka tsaya a ruwa. Ɗebo laka ta saman ƙasan tafki, kamar santimita biyu na farko, a bututu mai tsabta. A nan tsutsotsi da bakteriya suke, a nan kuma ƙarafa ke taruwa. Sannan ka kankare santsin da ke jikin duwatsu biyar da sabon buroshin haƙori, ka zuba a barasa. Inda ba duwatsu, karan kachala da ya daɗe a ruwa zai yi. Wannan santsi gidan diyatom ne, ƙananan tsirran ruwa masu ƙwanson gilashi, waɗanda Turai ta daɗe tana auna ingancin ruwa da su saboda saurin canzawarsu idan taki da ƙazanta suka yi yawa.

Mataki na biyar: abin da za ka nema daga lab

Ba lallai ne kai za ka yi wannan ɓangaren ba, amma dole ka san abin da za ka tambaya. Tun korona na'urorin PCR sun yawaita a jami'o'i da asibitocin koyarwa. Na'urar karatun jimla ce ba ko'ina ba, akwai ta a wurare irin su cibiyar IITA da ke Ibadan da cibiyar ACEGID da ke Ede. Idan waje za ka tura, ka fara neman takardar izini, domin yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a 2014 ta shafi fitar da irin waɗannan samfura daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ka tambaye su ko ɗakin ciro DNA daban yake da ɗakin da ake buɗe kayan da aka riga aka ninka. Idan ɗaki ɗaya ne, nemi wani lab. Ka tambaya ko suna saka nasu samfurin shaida a kowane mataki, da kuma sau nawa suke maimaita PCR a kan samfuri ɗaya. Kada ya gaza uku. Ka kuma tambaya ko suna gwada toshewar gwaji. Laka da ruɓaɓɓen ganye da dattin masana'anta suna ɗauke da sinadaran da ke hana PCR aiki, sai sakamako ya fito babu komai alhali akwai. Wannan tarko ne babba, domin wurin da ya fi datti shi ya fi fuskantarsa, kai kuma sai ka ce gurɓata ta kashe komai. Ana gane shi ta hanyar saka wani sanannen DNA a ciki a ga ko zai fito, ana kuma magance shi da tsinka samfurin ko sake wanke shi.

Kowane rukunin halitta da gurbin da ake karantawa a jikin DNA ɗinsa, kowane gurbi da sunansa. Kifi a 12S, kuma a cikin firaimomi, wato guntayen DNA da ke nuna wa PCR gurbin da zai ninka, firaimar MiFish da Japanawa suka fitar a 2015 ita ta fi yaɗuwa. Ƙwari da tsutsotsi da dodon koɗi a COI. Diyatom a rbcL. Bakteriya a 16S. Sannan akwai gwaje-gwaje uku na qPCR da suke magana kai tsaye a kan datti. HF183, alamar DNA ta wata bakteriyar hanjin mutum, yana nuna bayan gidan ɗan Adam ne ya shiga ruwan, ba na shanu ba. Ƙwayar gado ta mcyE tana nuna akwai koren gansakukan da ke iya samar da gubar maikrosistin mai lalata hanta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata iyakar maikrogiram 1 a lita a ruwan sha na yau da kullum. Samun ƙwayar ba ya nufin gubar tana nan, sai an auna ta daban. Na uku shi ne intI1, wani guntun DNA na bakteriya, wanda yawansa kan tashi a inda dattin mutane da ragowar magunguna suka yi yawa.

Mataki na shida: karanta sakamako

Za a miƙo maka jadawali, sunayen halittu a gefe, adadin karatu a gabansu. Yawan karatu ba yawan kifi ba ne. Ƙaton kifi ɗaya da ya mutu kusa da inda ka ɗiba zai iya rinjayar garke guda da ke nesa. DNA ba ya faɗin mai rai ne ko matacce, babba ne ko ƙarami. Abin da za ka dogara da shi shi ne a wurare nawa, a samfura nawa, aka ga nau'in.

Sannan ka san halin kowane kifi. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iska daga sama, suna rayuwa a ruwan da wasu ba za su kwana ba. Karfasa ma tana da juriya. Samun su ba shaidar lafiya ba ce. Giwan ruwa kuwa ba ya jure ƙarancin oksijin. Idan ka ga nau'o'i suna raguwa yayin da kake matsowa mashigar datti, har ya rage daga tarwaɗa sai karfasa, laka kuma ta cika da jajayen tsutsotsin nan da ke son ruɓaɓɓen wuri, HF183 ya hau, oksijin ɗin asuba ya faɗi, to hujjoji huɗu sun haɗu a kan magana ɗaya. Ɗaya kaɗai ba ta isa a tuhumi kowa ba.

Za ka ga abubuwan ban dariya. Kifin teku irin wanda ake sayarwa a daskare zai iya fitowa a ruwan Jakara. Ba ƙaura ya yi ba, ruwan wanke-wanken gidaje da kasuwa ne ya kawo shi, kuma wannan kansa alama ce ta inda ruwan ya fito. Haka DNA ɗin shanu da kaji da na mutane. Gonar kifi da ke zubar da ruwanta a kusa ma tana iya cika samfurinka da tarwaɗa.

Babbar matsalarmu a nan ita ce rumbun kwatance. Kwamfuta tana sa wa DNA suna ne idan ta sami irinsa a rumbunan GenBank ko BOLD, kuma kifaye da ƙwarin Afirka ta Yamma da yawa ba a shigar da su ba, musamman a gurbin 12S. Sai ka ga layi bayan layi ba suna, ko an liƙa wa kurungunmu sunan ɗan'uwansa na kogin Kongo. Nau'o'in karfasa kuma sun yi kama sosai a wannan gurbi, ba koyaushe ake raba su ba. A nan jerin sarkin ruwa yake shigowa. Duk kifin da masunta ke kamawa kullum amma bai fito a jadawali ba, ka fara zargin rumbun kafin ka zargi tafkin. Gyaran kuwa a hannunka yake: ka je bakin ruwa lokacin da jirage ke dawowa, ka sayi ɗaya daga kowane nau'i, ragon ruwa, kawara, tsage, bargi, minjirya, ka ɗauki hotonsa, ka yanki ɗan guntun fiffikensa ka sa a barasa. Masana a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa za su iya tabbatar maka da sunayen. A karanta DNA ɗinsu a shigar a rumbu. Ka yi wannan a wata rana daban da ranar ɗiban ruwa, da kaya daban.

Idan za ka kai rahoto ga hukuma irin NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Nijeriya, ko ma'aikatar muhalli ta jiha, ka haɗa taswirar wuraren, yawan ruwan da aka tace, sakamakon kwalaben shaida, da awon sinadarai a gefen na DNA. Kwafi ɗaya cikin Hausa ya koma wa masunta da manoman rani da suka ba ka hanya. A zagayen shekara mai zuwa kada ka canza girman filta, ko firaima, ko watan ɗiba, domin da zarar ka canza ɗaya ba za ka san ko tafkin ne ya sauya ko hanyar aikinka ba. Ragowar DNA ɗin da aka ciro kuma ka ce lab su raba shi bututu biyu, a ajiye a firiza biyu daban-daban, da lambar wuri da kwanan wata a jikin kowanne.